Wa Ke Murɗa Ƙafar Motar Alhaji?

Motar tana tafiya sak muddin ba a taɓa birki ba. Da an taka shi da ƙarfi sai hancinta ya karkata dama, ta nufi kwatar bakin hanya, ko da direba ya rungume sitiyari da hannu biyu. Kuma ba kullum take yi da ƙarfi ɗaya ba. In babu kaya, 'yar karkata ce da baƙo ba zai lura ba. In an cika ta da kwalayen bandar kifi daga Mbakau, aka hau kwalta, akuya ta gitta aka taka birki, to sai an yi salati.

Hilux ce ta da, samfurin LN106 da Toyota ta ƙera tsakanin 1988 da 1997, mai injin dizal lita 2.8, mai aksul guda a gaba wanda ke ɗaure da sifirin. Amma in ka gan ta a tashar Tibati sai ka duba goshinta kafin ka yarda Hilux ce. An cire bodin baya na kamfani, mai walda ya gina mata wani na ƙarfe da katako, da kwandon kaya a saman kai, da matakala a gefe inda yaron mota ke takawa. An ƙara wa sifirin lanƙwasa da dogayen marataya har ta ɗagu da wajen santimita 10, aka sa mata manyan tayoyi irin na Land Cruiser, masu lamba 7.50R16.

Ba don ado aka yi haka ba. Tibati, hedikwatar gundumar Jerem a Adamawar Kamaru, gari ne na mahaɗar hanyoyi tun zamanin da ayarin fataken Hausa ke bi ta nan su gangara Yoko. Hanyar gabas mai zuwa Ngaundal, inda jirgin ƙasan Yawunde da Ngaundere ke tsayawa, kwalta ce tun tuni. Ta yamma mai zuwa Banyo kuwa ta daɗe tana burji, kuma daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ke mulkinta, har akan sauke shinge a tsare manyan motoci sai ƙasa ta sha iska. A kudu da gari akwai madatsar Mbakau da aka gama a 1969 a kan kogin Jerem, don a riƙa tara ruwa ana sakar wa kogin Sanaga lokacin rani saboda injinan lantarki na Edeya. Tafkin da ya taru ya jawo masunta daga nesa, suka kakkafa sansani a bakin ruwa, inda hanyar zuwa ba ta wuce sawun babur da ramukan da manyan motoci suka haƙa da damina. Wanda motarsa ke iya shiga can shi ke sayen kifi da araha. Don haka Alhaji ya kashe kuɗi ya ɗaga motarsa, kuma tun da aka ɗaga ta ba ta sake tsayawa a miƙe ba. Sai dai a lokacin babu wanda ya haɗa abu biyun, domin an yi aikin ne tare da sauya tayoyi da gyaran birki da sabon bodi, duk a wata ɗaya.

Duk wanda aka gaya wa, amsarsa ɗaya: birki ne. Kuma ba wauta ba ce, don galibin motar da ke jan gefe in an taka birki, ƙafa ɗaya ce ke kamawa fiye da 'yar'uwarta. Aka sauya takalman birkin gaba. Aka kwance mamatsan faifai aka wanke. Aka sauya tiyon roba na hagu, don an ce ya kumbura ta ciki yana hana mai wucewa. Aka zubar da tsohon man birki aka fitar da iska. Da abin ya ƙi, aka kai ta Ngaundere aka sa sababbin faifai, aka daidaita ƙafafun gaba da na'ura, aka sauya rotil-rotil na sandunan sitiyari. Tayar hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu. Motar ta dawo Tibati da takardun kuɗi cike da aljihun direba, ta taka birki a shingen jandarma na bakin gari, ta karkata dama.

A cikin wannan hidima an ga wani abu aka wuce shi. Takalman birkin gaba ba sa daɗewa, na baya kuwa duk lokacin da aka buɗe sai a tarar da su kamar jiya aka sa. Aka ce ai alheri ne, an huta da sayen na baya.

Da ƙarfe ya ƙi amsa laifi, sai aka koma kan mutane. Alhaji ya ce hannun direba ne, ya sallame shi, ya ɗauko wani. Sabon ya yi sawu kaɗan, ya kusa shiga cikin masu tallan rogo a bakin kwalta, ya ajiye makulli ya ce shi yana da iyali. Aka lallaso na farko ya dawo. A tasha kuwa magana ta riga ta yi nisa: abokan cinikin kifi ne suka yi wa motar sammu, shi ya sa take neman daji. Aka yi rubutu aka yayyafa wa tayoyi, aka rataya laya a madubi. Ba na yi wa kowa dariya a kan wannan, wanda motarsa ta kusa kashe mutane zai kama duk igiyar da aka miƙo masa. Sai dai sammun da ke bambance kwalta da burji, yake kuma auna nauyin kaya kafin ya fara aiki, ya cancanci a ƙara duba shi.

Wanda ya warware abin wani dattijon bakanike ne da ya yi shekaru a Garwa yana gyaran motocin daji na masu aikin auduga, kafin ya dawo kusa da 'ya'yansa. Yaran gareji Baba suke ce masa. Ranar da aka kai masa motar bai ɗauki sifana ba. Ya sa aka kawo benci, ya zaunar da direba, ya shiga tambaya, rabi da Hausa rabi da Fulatanci, sunayen ƙarafa kuma da Faransanci kamar yadda ake yi a garejin wannan ƙasa.

"In ta ja dama, sitiyarin yana fizgar hannunka?"

"Baba, ba ya fizga sosai. Ina riƙe da shi, ita ce ke tafiya."

"A burji fa?"

"A burji da sauƙi. In tayoyi suka kulle ma sai ta zame a miƙe."

Baba ya ce a loda mata buhunan yashi daidai nauyin kayan da take ɗauka. Ya yaga ƙyalle fari ya ɗaura a saman sitiyari, daidai tsakiya, ya shiga gaba ya zauna. Suka fara da wani fili mai tsakuwa a bayan gari. Direba ya ɗauki gudu ya taka birki har ƙasa. Suka sauka suka bi sawu. Layi biyu ne, sun fara a wuri ɗaya, sun ƙare a wuri ɗaya, zurfinsu ɗaya. Da ƙafa ɗaya ta fi kamawa, da ita za ta riga kullewa, sawunta ya fi tsawo. Baba ya ɗora bayan hannu kusa da faifan hagu, ya ɗora kusa da na dama, zafi ɗaya.

"Birkin nan ba shi da laifi," in ji shi. "An bar jaki ana dukan taiki."

Suka hau kwaltar Ngaundal, suka sami wuri miƙaƙƙe babu kowa. Wannan karon ya ce a taka da ƙarfi amma kada a bari tayoyi su kulle, shi kuma ya kafa wa farin ƙyallen ido. Motar ta karkata dama har tayar ta taɓa ciyawa. Ƙyallen bai gusa ba sai daga baya, lokacin da direba ya murɗo hagu don ya ceci kansu. Wato dai ƙafafun sun juya kafin sitiyari ya juya. Wani abu ne tsakanin hannun direba da taya ke murɗa su, kuma ba sako-sako ba ne, don an riga an sauya rotil, akwatin sitiyarin ma da aka gwada ba shi da wasa. Abin da ya yi sako-sako kuma yau ya kai ka dama, gobe hagu. Wannan bai taɓa kuskuren gefe ba.

A hanyar dawowa ne yaron motar, wanda tun safe ba wanda ya tambaye shi komai, ya leƙo ta tagar baya.

"Baba, ai tana jan hagu ma."

Direba ya ce masa ya rufa wa mutane baki. Baba ya ce a tsaya.

"Yaushe, ɗana?"

"In za mu fito daga bakin ruwa, wurin hawan nan. In na sauka na kulle ƙafafun gaba, Maigida ya sa giyar ƙafa huɗu ya ba ta wuta, ina daga gefe ina gani, tayoyin suna leƙa hagu. In ya saki wuta su dawo."

Direban ya san da haka, amma bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, domin a cikin yashi da ramuka kowace mota tana jan inda ta ga dama. Shi kuwa yaron daga waje yake kallo, ya ga abin da na cikin mota ba ya gani. Baba ya yi shiru, sannan ya sauka ya tsaya a gefe. Ya ce direba ya yi baya da ɗan gudu, ya riƙe sitiyari kam, ya taka birki. Motar ta tsaya, tayoyin gaba suka yi ƙyaf zuwa hagu suka dawo.

Yanzu alamu sun zama uku. Birki ana tafiya gaba, dama. Birki ana tafiya baya, hagu. Wuta da giyar ƙafa huɗu, hagu, alhali ƙafar direba ba ta kusa da birki. Abin da ya haɗa ukun shi ne ƙarfin murɗa da ke shiga aksul na gaba: a na farko yana murɗa shi ta fuska ɗaya, a sauran biyun ta ɗaya fuskar.

A gareji ya nuna wa kowa da idonsa. Ya sa aka buɗe ƙafafun gaba, aka bar inji yana tura na baya kawai. Ya ɗaura doguwar sandar kara a tsaye a jikin aksul da waya. Ya kori yara daga gaban mota, ya ce direba ya danne birki, ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci a hankali har motar ta fara turawa. Tayoyin gaba ba su gangara ba, amma kan karan ya sunkuya gaba, sifirin ya lanƙwashe, gabansa ya yi ƙasa bayansa ya yi sama, tayoyin kuma suka leƙa dama. Da aka taka kuloci komai ya koma mazauninsa. Alhaji, wanda ya zo da niyyar faɗa a kan kuɗin yashi, ya ce a sake. Aka sake.

Ga yadda abin yake. A wannan samfurin, akwatin sitiyari yana jikin shasi ta hagu, gaba da aksul, kuma hannun da ke fita daga cikinsa gaba da baya yake lilo. Daga bakin hannun wata gajeriyar sanda ta taho baya, ta kama ƙwallon da ke kan wani lanƙwasasshen hannu mai siffar harafin J, wanda aka ɗaure da kusoshi huɗu a saman gwiwar ƙafar hagu. In direba ya murɗa, sandar ta tura hannun baya ko ta jawo shi gaba, ƙafar hagu ta juya, doguwar sandar da ta haɗa ƙafafun biyu ta juya ta dama. Tsari ne mai sauƙi, amma ƙwallon nan yana zaune sama da tsakiyar aksul. In an taka birki, taya na son ci gaba da juyawa, birki ya riƙe ta, shi kuwa birkin a jikin aksul yake ɗaure, don haka aksul ɗin gaba ɗayansa ke neman mirginawa gaba. In ya mirgina, samansa ya tafi da gwiwa da hannu. Ƙwallon ba zai bi su ba, don sandar ba ta gajarta, akwatin kuma direba na riƙe da shi. Gwiwa ta tafi gaba, bakin hannu ya tsaya, abin da ya rage shi ne ƙafar ta juya a kan mazauninta. Tun da hannun daga ƙafar hagu ya miƙo ciki, juyin dama ne. Motar da sitiyarinta ke dama, irin ta Kenya ko Ostareliya, hagu za ta nufa.

Kuma ba a bukatar mirgina mai yawa. Mu ƙaddara ƙwallon na sama da tsakiyar aksul da santimita 15, nisansa daga mazaunin gwiwa ma haka. Aksul ya mirgina digiri 2, ƙwallon ya so gusawa milimita 5, ƙafafu su juya kusan digiri 2. A motar da tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya bai kai mita 3 ba, wannan ya isa ya fitar da ita fiye da mita 2 daga layinta cikin tafiyar mita 20. Fiye da rabin faɗin hannun hanya ke nan. Shi ya sa kaya ke ƙara abin, shi ya sa kwalta ta fi burji muni: duk abin da ya ƙara wa taya riƙo ya ƙara ƙarfin murɗa. Manyan tayoyin ma sun taimaka, don nisan da ke tsakanin ƙasa da tsakiyar aksul ya ƙaru.

Alhaji ya yi tambayar da ta dace. "To Malam, in haka tsarin yake, me ya sa sauran Hilux ba sa yi? Ga su nan cike da tasha."

Baba bai amsa ba, ya aiki yaro tasha ya roƙo wata irinta da ba a taɓa ba. Aka jera su. Ya ba Alhaji tocila ya ce ya durƙusa ya duba waccan, sannan ya duba tasa, ya faɗi abin da ya gani. Alhaji ya tattare babbar riga ya duba. A motar tasha akwai sanda mai roba a bakinta biyu, ta tashi daga wasu kunnuwa a saman aksul ta tafi gaba ta kama shasi. A tasa babu. Baba ya kankare jar lakar da ta daskare a saman aksul da sukudireba, sai ga guntayen kunnuwa biyu, an yanke su an goge. A jikin shasi kuma ga mazaunin ɗaya bakin, ramin kusa cike da gidan zanzaro.

Wannan ita ce sandar tokara. Aikinta ɗaya ne, ta riƙe saman aksul kada ya mirgina. Injiniyoyin Toyota sun san raunin tsarinsu, suka sa masa mai gadi. Duk makanikan da suka shiga ƙarƙashin motar nan, daga Tibati har Ngaundere, ƙarfen da ya lalace suke nema, kuma sun iya aikinsu. Ƙarfen da babu shi ba ya ƙara, ba ya zubar da mai, ba ya girgiza in an taɓa. Sai wanda ya san ya kamata a ce yana nan, ko wanda ya yi dabarar jera mota biyu.

Aka kira mai waldar da ya ɗaga motar. Bai yi musu ba, bai ma ga abin musu ba. Ya ce da aksul ya yi nisa da shasi, sandar ta kasa kaiwa ramin kusarta. Ya matsa mata ta shiga da ƙyar, suka fita gwaji, ƙafa ta faɗa rami, kunne ɗaya ya tsage. Ya duba ya ga ba ta ɗauke da nauyi, ba ta cikin sitiyari, ba ta cikin birki, ya ce kayan ƙawa ne na Bature, ya yanke. Da aka tambaye shi ina ya jefar da ita, sai ya ce shi ba ya zubar da ƙarfe mai kyau. Ya zagaya gefen bodi ya nuna matakalar da yaron mota ke takawa kullum. Zoben bakinta na nan, har da ragowar roba a ciki.

Da nan za a tsaya, amma Baba ya koma kan maganar takalman baya da ba sa cinyewa. A bayan motar, jikin shasi, akwai wani ƙaramin bawul da man birkin baya ke bi ta cikinsa, da siririyar sanda da ta haɗa shi da aksul na baya. Ma'aunin kaya ne. In an loda mota ta zauna, tazarar shasi da aksul ta ragu, sai bawul ya buɗe wa birkin baya ƙarfi. In babu kaya ta ɗagu, sai ya rage, don kada ƙafafun baya su kulle mota ta juya. Da aka ɗaga motar santimita 10 ba a taɓa sandar ba, bawul ɗin ya ɗauka kullum motar wayam take, ko da kifi ya kai kwandon sama. Birkin baya ya kwanta barci, na gaba ya ɗauki aikin duka, aksul ɗin da aka cire wa tokara shi aka ƙara wa wahala. Gyaran wannan bai fi ɗan ƙarfe mai rami biyu ba: a ɗaga inda sandar ta kama aksul daidai yadda aka ɗaga motar.

Gardama ta tashi ne a kan sitiyarin kansa. Alhaji ya riga ya buga waya Duwala, wani mai sayar da kayan mota a Kam Yabasi ya gaya masa akwai gyaran da ke kashe matsalar har abada. Kuma gaskiya ya faɗa. Ana cire akwatin nan a sa na Hilux mai ƙafafun gaba masu zaman kansu, wanda hannunsa hagu da dama yake lilo, sai a ratsa doguwar sanda zuwa gwiwar dama. A wannan tsari, in aksul ya mirgina, bakin sandar ya ɗan gusa gaba, amma tun da ita a gicciye take, ba ta tura komai. Haka Land Cruiser samfurin 70 take tun fitowarta a 1984, kuma haka masu hawan duwatsu da mota a Amurka ke yi wa tsofaffin Toyota ɗinsu. Toyota ma da ta sabunta Hilux a 1997 ta daina sa aksul guda a gaba, tsohon tsarin sitiyarin na tura da ja ya tafi tare da shi.

Baba ya ce ya san aikin, kuma ya fi, amma yana da sharuɗɗa. Sai an huda shasi a sabon wuri, an lulluɓe shi da faranti ciki da waje, an zura bututu a kowane rami don kada kusa ta matse shasin ya lotse, domin duk ƙarfin da ke juya manyan tayoyi a cikin laka a wannan tafin hannun ƙarfe yake sauka. Sannan gwiwar dama na bukatar hannu mai rami biyu, wanda ya haye saman sifirin, kuma a yanko shi daga dunƙulen ƙarfe guda. Na Duwala ya ce wannan ba matsala, ana haɗa tsofaffin hannuwa biyu da walda. Nan Baba ya kafe.

"Alhaji, in tokarar da zan yi ta karye, motarku ta koma halinta na jiya, direba ya lallaɓa ya kawo ta gida. In hannun sitiyari ya karye a gangaren Banyo, babu wanda zai kawo labari. Ƙarfen da aka ƙera da matsi, in wuta ta taɓa shi, ta ciki yake tsagewa, gargada kuma ba ta gajiya. Ku samo hannu na gaske, in yi muku. Na walda kam a kai wa wani."

Ina ganin ya yi daidai, har da abin da ya biyo baya, wanda Alhaji ya fi jin zafinsa. Baba ya ce a sauke motar da rabin abin da aka ɗaga. Ya cire dogayen marataya ya mayar da na asali. Dalilinsa, sandar sitiyarin ta yi tsaye da yawa, daga akwati tana gangarowa ƙasa, kuma sandar da ke gangare in ƙafa ta hau tudu ko hanci ya dunƙusa, ita ma turin ƙwallon take yi, ko da tokara ko babu. Alhaji ya ce kuɗinsa ya tafi a banza ke nan, motar za ta koma kama ƙasa a hanyar sansani. Baba ya ɗauko awo ya sa shi ya auna daga ƙasa zuwa gindin tukunyar aksul, kafin saukewa da bayan saukewa. Awo ɗaya. Sifirin bodi yake ɗagawa. Abin da ke dukan tudun tsakiyar hanya tukunyar aksul ce, ita kuwa taya kaɗai ke ɗaga ta. Amfanin ɗagin shi ne taya ta sami wurin motsi, kuma santimita 5 da ɗan yankan bakin bodi sun wadatar.

Sandar tokara aka samo ta wata matacciyar Hilux a Ngaundere. Baba ya yanke ta ya sa mata zare da noti a tsakiya don a iya ƙara tsawo ko ragewa, ya gina sababbin kunnuwa masu kauri a saman aksul, ya ɗaga su yadda za ta kwanta daidai da kwanciyar sandar sitiyari, su biyun su riƙa hawa da sauka tare. A nan ya ɓata lokaci, yana ɗaga shasi da jak yana saukewa, yana duba ko tayoyi na leƙe, yana murɗa noti rabi-rabi. Ya sauya kusoshin da suka ɗaure sifirin da aksul. Da ya zo kusoshi huɗu na hannun J ya tarar ɗaya ya fara kwancewa, ya ciro su duka ya duba, ya mayar ya ɗaure.

Ranar gwaji aka sake loda yashi, aka hau kwaltar Ngaundal, Alhaji a gaba tsakanin direba da Baba. Direba ya ɗauki gudu ya taka birki. Motar ta yi wuf ta tsallaka hagu, har ta shiga hannun masu tahowa. Allah ya sa babu kowa.

Babu wanda ya yi magana. Alhaji ya juyo ya dubi Baba, kallon mai shirin tambayar kuɗinsa. Yaron mota daga baya ya ce ko an ɗaure tokarar da yawa ne. Baba ya ce direba ya sauka su yi musanya. Ya ja motar da kansa, ya kai gudu ɗaya, ya taka birki da ƙarfin da ya fi na farko. Ta dunƙusa ta tsaya a miƙe, ƙafafun baya suka yi 'yar ƙara a karon farko tun da aka ɗaga ta. Ya sake, ta sake tsayawa a miƙe.

Farin ƙyallen yana nan a sitiyari, kuma tun a birkin farko shi Baba yake kallo. Ya mayar da direba mazauninsa, ya ce ya taka a hankali, ya dubi hannunsa. Ƙafar direba na sauka kan birki, ƙyallen ya gusa hagu da faɗin yatsu uku, shi kuwa yana rantsuwa bai murɗa ba. Watannin da ya yi yana kokawa da motar sun koya wa hannunsa tarar ta tun kafin ta karkata.

"Wannan gyaran ba na gareji ba ne," in ji Baba. "Kada a cire ƙyallen. Ka yi sati kana zagaya gari babu kaya, ka taka birki a duk inda babu mutane, kafin Alhaji ya aike ka Mbakau."